Damina Ɗaya, Kalanda Huɗu: Zazzaɓin Cizon Sauro a Bakin Iyakokinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Ngeli da sanyin safiya ya san Kusuri ta Kamaru da Njamena ta Chadi gari ɗaya ne da ruwa ya ratsa. Masu babur, mata da kwandunan kifi, ɗalibai, leburori, 'yan kasuwa da ƙullin kayansu, kowa na rige-rigen ƙetarawa, da yamma kuma a juyo. Idan marka ta zauna a watan Agusta, ba a rasa mace a cikinsu da yaro a goye, jikinsa zafi rau, tana neman inda za a duba shi da wuri. Ba ruwanta da tutar da ke kafe a ƙofar asibitin.

Ƙanwata tana aure a Njamena. Wata damina ta zo Kusuri jinyar mahaifiyarmu, ta taho da ɗanta mai shekara uku, da niyyar kwana goma, zaman ya zarce wata guda. Kafin ta baro gida masu rabon maganin rigakafin damina ba su iso unguwarsu ba. Da ta iso nan kuma ta tarar sun riga sun wuce. Na tambaye ta ko yaron ya sha na wannan wata, ta ce: "Yaya, can ba su zo ba, nan kuma an ce sai wata mai kamawa." Bayan mako biyu muka kwana a asibiti da shi, yana jijjiga, idanunsa sun yi fari fat, sai da aka ƙara masa jini. Allah ya tashi kafaɗunsa. Babu ma'aikacin da ya yi sakaci a wannan labari, kowa ya bi takardar da aka ba shi. Yaron ya faɗa ne a ratar da ke tsakanin kalanda biyu, kuma tun daga lokacin nake kallon batun iyaka da wani ido daban.

Maganin da ya rasa shi ne wanda muke kira CPS, wato maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2012 ga ƙasashen Sahel, inda zazzaɓin ke taruwa a cikin 'yan watannin damina. Ana bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59 haɗin magani biyu, sulfadoksin-pirimetamin da amodiyakin. Ranar farko mai rabo ne ke shayar da yaro da hannunsa, ya bar wa uwa ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku. Kariyar tana ɗaukar kimanin kwana 28, daga nan sai a sake, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. A gwaje-gwajen da aka yi kafin amincewa da shi, ya rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100. Chadi ta riga Kamaru farawa, domin tun 2012 ƙungiyar likitocin MSF ta gwada shi a Moisala. Kamaru ta soma a 2016 a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa. Ƙarfin wannan dabara duk yana cikin lokaci. Idan wata ya wuce yaro bai sha ba, ya koma kamar ba a taɓa ba shi ba, kuma a daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Akwai ma ɗaya gefen: yaron da ya sha a can, ya ƙetaro bayan kwana huɗu, ya tarar da masu rabo a nan, idan babu kati a hannun uwarsa sai a sake ɗura masa.

Kowace ƙasa ita ke tsara ranakunta, gwargwadon lokacin da kuɗin mai ba da tallafi ya sauka da ranar da manyan motoci suka iso da magani. Ruwan sama kuwa bai san wannan lissafi ba. Hadarin da ya taso daga gabas ya zuba a Bongor ta Chadi shi ne zai zuba a Yagwa ta Kamaru kafin a gama shan shayi.

Girman abin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa miliyan 263 a duniya, mutum dubu 597 suka rasu, kuma kashi 95 cikin 100 na mace-macen a Afirka ne, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Najeriya kaɗai tana ɗauke da sama da rubu'in masu kamuwa na duniya. Mu da ke Arewa Mai Nisa a tsakiyar wannan wuta muke zaune, Borno da Adamawa a yamma, Chadi a gabas, Tafkin Chadi a arewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bibiyar lamarin shi ne yadda aka rarraba ƙasashen nan huɗu na bakin tafki, Kamaru, Chadi, Najeriya da Nijar, a majalisu daban-daban, har ya zama da wuya ka same su duka a kan tabarma ɗaya. A ƙarshen watan Agustan 2018 aka ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro na yankin Sahel a Dakar, da ƙasashe takwas: Burkina Faso, Kap Bad, Chadi, Gambiya, Mali, Muritaniya, Nijar da Senegal. Babu Kamaru, babu Najeriya, alhali Marwa da Maiduguri Sahel ne ta kowace fuska. Sai ranar 6 ga Maris 2024 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka 11 da cutar ta fi addaba suka taru a Yawunde, suka sa hannu a kan alkawarin kawo ƙarshen mace-macen da take haddasawa. Kamaru, Najeriya da Nijar suna ciki, wannan karon Chadi ce ba ta cikin jerin. Ta fuskar ƙungiyoyin yanki kuma, Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, da hukumarta ta yaƙi da annoba, OCEAC, mai mazauni a Yawunde. Najeriya tana ECOWAS, Nijar kuwa ta fice daga ECOWAS ɗin a Janairun 2025. Rumfar da ta haɗa su huɗun ita ce Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964 kuma hedikwatarta na nan Njamena, amma aikinta ruwa ne da noma, sai tsaro da ya mamaye ta tun tasowar Boko Haram.

Ga kuma harshe. Ma'aikacin lafiya a Fotokol da Faransanci yake cika rajista, na Gamboru da Ingilishi, tsakaninsu gada ɗaya ce a kan El Beid. Su biyun in sun haɗu a kasuwa da Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa za su gaisa, su fahimci juna sarai. Takardunsu ne ba sa magana da juna. Alƙaluman Fotokol su hau zuwa Marwa, su wuce Yawunde. Na Gamboru su nufi Maiduguri, su wuce Abuja. Idan zazzaɓi ya yi tashin gwauron zabi a ɗaya gefen, maƙwabcin da ke iya hango rufin asibitin ba shi da hanyar hukuma da zai sani sai dai ya ji a bakin marasa lafiya.

A nan ya kamata a yi hattara da wata magana da ake yawan maimaitawa a taruka, wai sauro ba ya neman biza. Gaskiya ce, amma ba ita ce zuciyar matsalarmu ba. Sauron anofilis, macen da ke cizo da dare, galibi ba ta yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe ta. Wani bincike da aka yi a Mali, aka wallafa a 2019, ya nuna akwai waɗanda iska ke ɗauka can sama su yi tafiyar da za ta iya kai kilomita 300 a dare ɗaya, kuma wannan yana da muhimmanci wajen yaɗuwar sauron da ya fi ƙarfin magani. Sai dai babbar motar ƙwayar cutar ita ce jinin ɗan'adam. Mutum ya kamu yau, sai bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓi ya bayyana. Manya da yawa a cikinmu ma suna yawo da ƙwayar ba tare da ko ciwon kai ba, saboda jiki ya saba. Masunci ya sauko daga Darak, makiyayi ya biyo ciyawar fadama a kwarin Logon, direban tirela ya ɗauko kaya daga Ngawundere zuwa Njamena, kowa da guzurinsa a jini, sauron garin da ya kwana ya ɗiba ya raba.

To amma ko wannan ɗin, nauyinsa ya danganta da inda kake. A kudancin Afirka, inda haɗin gwiwar iyaka ya fi yin suna, lissafin a fili yake: ƙasa ɗaya ta kusa gamawa, maƙwabciyarta na cike da cutar. Afirka ta Kudu da Swaziland sun gane cewa muddin kudancin Mozambik na fama, su ma ba za su huta ba. Shi ya sa daga 1999 suka haɗa kai a shirin Lubombo, aka yi ta feshin ɗakuna a cikin Mozambik, cutar ta faɗi warwas a sassan ukun. Da kuɗin shirin ya ƙare wajen 2011, ta sake ɗagowa, sai da aka sake ƙulla wani ƙawancen a 2015. Haka kuma ƙasashe takwas na yankin suka kafa nasu gungun a 2009, suka buɗe ƙananan asibitoci a mashigan iyaka, ana gwada matafiyi a ba shi magani ba tare da tambayar ɗan ina ne ba. Masar ma, da aka tabbatar ta rabu da cutar a Oktoban 2024, ta daɗe tana aiki da Sudan don hana sauron hawowa ta kwarin Nilu.

Mu ba haka muke ba. Babu wanda zai ce Chadi ce ke kawo wa Kamaru zazzaɓi, ko Najeriya ce ke kawo wa Chadi. Kowane gefe yana da isasshen nasa. Kuma duk wanda ya yi mana alkawarin kawar da cutar kwata-kwata daga wannan yanki nan da 'yan shekaru, bai karanta abin da ya faru a Garki ba. A can, cikin jihar Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi gwaji mafi tsanani da aka taɓa yi a irin ƙasarmu: feshi ɗaki-ɗaki, da shayar da ƙauyuka magani gaba ɗaya. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. Kafin nan ma an gwada feshin DDT a arewacin Kamaru a shekarun 1950, bai kai ga biyan buƙata ba. Kayan aiki sun ƙaru tun daga lokacin, amma darasin yana nan: a wurinmu abin da ke gabanmu yanzu shi ne hana yara mutuwa. Saboda haka haɗin gwiwar da muke buƙata ta toshe ramukan da iyaka ke buɗewa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ramin allurar rigakafi sabo ne, kuma yana faɗaɗa. Ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro, RTS,S, cikin jerin alluran yara na yau da kullum, aka fara da gundumomin lafiya 42. Abin alfahari ne, ni ma na yi murna. Chadi ta fara tata a Oktoban shekarar, da ɗaya allurar, R21. Najeriya ta bi a Disamba, ita ma da R21, ta fara da Kebbi da Bayelsa, nesa da iyakarmu. Allura huɗu ake yi wa yaro. A Kamaru ana yi yana wata 6, 7, 9 da 24. A Najeriya wata 5, 6, 7 da 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa idan ba a samu irin wadda aka fara da ita ba, ana iya ƙarasawa da ɗayar. Tambayar ita ce ko malamar asibitin da ke ƙauyen bakin iyaka an gaya mata hakan, kuma ko za ta iya karanta katin allurar da aka cika a ɗaya ƙasar. Tsakanin allura ta farko da ta huɗu a tsarin Kamaru shekara ɗaya da rabi ne. Iyalai nawa ne a Logon da Shari ke yin shekara ɗaya da rabi a wuri ɗaya?

Ba don son yawo ba ne. A Disamban 2021 rikicin da ya faro daga yankin Logon Birni ya iso har cikin Kusuri, dubun-dubatar mutane suka ƙetara zuwa Chadi cikin 'yan kwanaki, mafi yawansu mata da yara. Sansanin Minawawo kusa da Mokolo yana ɗauke da 'yan gudun hijirar Najeriya tun 2013. Ambaliyar 2022 da ta 2024 ta kori jama'a a Yagwa, da Kusuri, da unguwannin Njamena, ga fashewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024. Wanda ruwa ya kora da tsakar dare ba gidan sauro yake fara ɗauka ba. Kuma idan ruwan ya fara janyewa, kududdufan da ya bari su ne makwancin sauro, sai lokacin zazzaɓi ya zarce har cikin kaka, bayan masu rabon CPS sun riga sun naɗe tabarmarsu.

Sai batun magani da kasuwa. Wanda ya san Banki da Amchide kafin rikici, ko ya san hanyar Mubi, ya san kayan kemis na bin hanyar da man fetur da atamfa ke bi. A cikinsu akwai nagari, akwai jabu, akwai wanda rana ta gasa a bayan babur har ƙarfinsa ya tafi. Uwa ta saya ƙwaya huɗu saboda kuɗinta ke nan, yaro ya ɗan ji sauƙi, a dakata. Kamaru ta mayar da maganin zazzaɓi marar tsanani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2011, amma idan ya yanke a asibiti, teburin bakin kasuwa ake komawa. Irin wannan shan rabi-rabi ne ke koya wa ƙwayar cuta jure magani. Manyanmu sun ga yadda kulorokwin ya mutu a hannunsu: juriyar ta taso daga kudu maso gabashin Asiya, ta shigo gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, aka gan ta a Kamaru a 1985. Yau an tabbatar ƙwayar ta fara jure artemisinin, ginshiƙin maganin da muke sha yanzu, a Ruwanda, Uganda, Eritiriya da Tanzaniya. Tsakanin Eritiriya da mu Sudan ce, wadda yaƙi ya tarwatsa tun Afrilun 2023, kuma ɗaruruwan dubban mutanenta suna gabashin Chadi. Ga kuma baƙon sauro ɗan Asiya, anofilis stifensi, mai hayayyafa a tankuna da randunan birni ko da rani. An fara ganin sa a Jibuti a 2012, aka same shi a jihar Gombe a 2020. Daga Gombe zuwa Yola zuwa Garwa hanya ce da motoci ke bi kullum. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma sai an gaya maka ya kama.

Sauron gida ma ya canza. A yankunan auduga na arewacin Kamaru da kudancin Chadi, shekaru ana fesa wa gona magungunan ƙwari 'yan gida ɗaya da wanda ke jikin gidan sauro, har sauron ya saba da su. Shi ya sa ake komawa ga sababbin gidajen sauro masu magani biyu. Amfaninsu zai ragu idan wannan gaɓar kogi ta samu sabo, waccan kuma ta ci gaba da tsoho.

Abin da ke hana ni yanke ƙauna shi ne an taɓa yi, a nan, ba a wata duniya ba. A 1962 ƙasashen nan huɗu suka fara yi wa shanu allurar bushiya tare, a shiri ɗaya, saboda kowa ya san garke ba ya tsayawa a iyaka. Tafiyar ta yi tsawo, an yi tuntuɓe a hanya, amma a 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya. Na kusa-kusa kuma shi ne shan inna. Da aka sake gano cutar a Borno a Agustan 2016, Najeriya, Kamaru, Chadi, Nijar da Afirka ta Tsakiya suka daidaita ranakun ɗiga wa yara maganin, aka kafa tawagar haɗin gwiwa a Njamena, aka ajiye masu ɗigo a kan gadoji da tashoshin mota da kasuwanni, aka shiga tsibiran tafki da kwalekwale. Mu da kanmu mun gan su a Ngeli da akwatunan ƙanƙara da alƙalamin shafa wa yaro a farce. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Zazzaɓin cizon sauro ya fi shan inna wuyar sha'ani nesa ba kusa ba, amma hanyoyin da aka bi, da mutanen da suka bi su, da lambobin wayar da suka yi musaya, duk suna nan. A kan zazzaɓin kansa ma akwai misali: a 2019 Senegal da Gambiya suka raba gidajen sauro a lokaci guda a ɓangarorin iyakarsu biyu, bayan sun zauna sun ƙidaya ƙauyukan tare.

Me ya sa aka yi wa shan inna, ba a yi wa wanda ya fi kashe mana yara ba? A ganina amsar tana wurin kuɗi. Shan inna yana da shiri ɗaya na duniya da asusu ɗaya, wanda ke iya cewa kowa ya fito rana kaza. Kuɗin zazzaɓi kuwa ƙasa-ƙasa ake bayarwa, kuma ƙasa-ƙasa ake bin bahasinsa. Asusun Duniya, mai ba da tallafin yaƙi da cutar, yana ƙulla yarjejeniya da kowace gwamnati daban. Shirin shugaban Amurka na yaƙi da cutar ya shigo Kamaru a 2017 ya mai da hankali kan Arewa da Arewa Mai Nisa, amma Chadi ba ta cikin ƙasashensa. Jami'in da aka ba gidajen sauro bisa ƙidayar mutanen gundumarsa, idan ya bai wa baƙi daga ƙetare, lissafinsa ba zai daidaita ba, kuma shi za a tuhuma. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a farkon 2025, jihohinmu biyu ne suka fi jin jiki a Kamaru, domin rabon CPS da ɗan alawus na ma'aikatan lafiya na ƙauye sun dogara a kansa. Irin wannan girgiza tana sa kowace ƙasa ta ƙanƙame ɗan abin da ke hannunta, a daidai lokacin da haɗa sayayya da aron magani tsakanin maƙwabta zai fi amfani.

Ban raina taron ministoci ba, sa hannunsu ne ke bai wa na ƙasa izinin motsi. Amma aikin kansa na likitocin gunduma ne. Na Kusuri da takwarorinsa na Njamena su zauna a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, da kalanda ɗaya a gabansu, su tsayar da mako guda na CPS ga gaɓoɓin biyu. Haka Yagwa da Bongor, haka Fotokol da Gamboru, haka Mora da Banki. A buga katin yaro da Faransanci da Ingilishi da Larabci a takarda ɗaya, kowane asibiti ya karɓe shi. A riƙa musayar adadin masu zazzaɓi kowane mako, ko ta WhatsApp ce. A ware wani kaso na magani da gidan sauro da sunan masu wucewa, don kada jami'i ya ji tsoron bayarwa. A shigo da sarakuna, da limamai, da shugabannin masunta da na makiyaya, waɗanda mabiyansu ke ɓangarorin biyu tun kafin a ja layin. Kuma a duk kwanakin rabo a ajiye tebur ɗaya a kowane bakin gada, da mutum biyu da kwalin magani da butar ruwa, su tambayi duk macen da ta zo wucewa da ƙaramin yaro ko ya sha na wannan wata.